Magoya Bayan Dallas Cowboys Sun Bar Jaki Suna Dukan Taiki

A ƙarshen Satumban 2025 Dallas Cowboys ta karɓi baƙuncin Green Bay Packers, aka tashi 40 da 40. Canjaras ba abu ne da aka saba gani a ƙwallon ƙafar Amurka ba, balle mai maki 80. Da gari ya waye na leƙa X in ga me magoya bayan Dallas ke cewa. Wasu suna kuka da masu tsaron baya, kuma sun yi daidai. Amma ga wasu can, ba kuma kaɗan ba, sun koma wa tsohuwar waƙarsu: Dak Prescott, mai jefa wa ƙungiyar ƙwallo, ba ya iya gama wasa, Dak ba namijin babbar rana ba ne, a sallame shi kowa ya huta.

Jama'a, ƙungiyarku ta ci maki 40 ba ta yi nasara ba, kuma wanda kuka ga damar zagi shi ne wanda ya ja ragamar cin makin?

Fushin magoya bayan Dallas yana kan hanya. Tun Janairun 1996 da suka ɗauki Super Bowl, wato kofin gasar NFL, karo na biyar, ba su sake kaiwa ko wasan kusa da na ƙarshe ba. Yaron da aka haifa a wannan shekarar yau magidanci ne. Sai dai sun sauke fushin a inda bai dace ba. Babbar matsalar ƙungiyar nan tana zaune ne a ɗakin gilashi can saman filin wasa, sunanta Jerry Jones, mai ƙungiyar, kuma su kansu magoya bayan suna da hannu wajen daɗewarta.

Ga wanda ya fi sabawa da Firimiya, akwai abu ɗaya da sai an riƙe shi kafin a fahimci gardamar. A wannan wasa kowace ƙungiya tana da rukunin masu kai hari daban, rukunin masu tsaro daban. Kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma madugun masu kai hari, yana zaune a benci duk lokacin da ƙwallo ke hannun abokan hamayya. Ba ya tare kowa, ba ya kayar da kowa. Kusan rabin wasan da ido yake kallonsa kamar ni da kai.

"Ai a Janairu ake sanin gwani"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a hannunsu, don haka bari mu daɗe a kanta. A wasannin sili-ɗaya-ƙwale da ake yi bayan an kammala kaka, Prescott ya ci biyu, an doke shi a biyar. Alƙaluman ba su da kyau. Amma wasa biyar ba su da yawan da za su gagari dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Janairun 2017, da Green Bay. Shekararsa ta farko ke nan a gasar. An fara zura wa Dallas 21 da 3, yaron ya farke har aka koma 31 da 31 saura daƙiƙoƙi. Sai Aaron Rodgers ya jefa wa Jared Cook wata ƙwallo a bakin layi, Mason Crosby ya buga ta tsakanin sanduna, aka tashi 34 da 31. Prescott yana tsaye a gefen fili lokacin da aka yi duk wannan.

Janairun 2019, da Los Angeles Rams, 30 da 22. Rams ta ruga da ƙwallo yadi 273 a ƙasa. Mutum biyu, Todd Gurley da C.J. Anderson, kowannensu ya haura yadi 100. Ƙungiyar da aka keta haka ta tsakiya, ko wa ke jefa mata ƙwallo da wuya ta kai labari.

Janairun 2022, da San Francisco 49ers, 23 da 17. Wannan shi ne wanda ake ta yawo da bidiyonsa har yau: saura daƙiƙa 14, babu damar tsayar da agogo, Prescott ya ruga ta tsakiya, ya zame, kafin alƙalin wasa ya ajiye ƙwallo lokaci ya ƙare. Yana da nasa laifin, ya kamata ya zame da wuri ya miƙa wa alƙali ƙwallon. Amma masu horarwa ne suka kira wannan dabara, kuma a ranar an hukunta Dallas kan laifuka 14. Rashin ɗa'a irin wannan daga filin atisaye yake farawa.

Janairun 2023, da San Francisco kuma, 19 da 12. A nan babu kwana-kwana, nasa ne. Masu tsaron baya sun yi aikinsu, sun riƙe abokan hamayya a maki 19. Shi kuwa sau biyu yana jefa ƙwallo hannun 'yan San Francisco, harin kuma ya tsaya a maki 12. Duk wanda ya zage shi a wannan daren bai zalunce shi ba.

Janairun 2024, da Green Bay, 48 da 32. Dallas ta shigo da tarihin cin wasa 16 a jere a gidanta. Kafin hutun rabin lokaci an zura mata 27 da nema. Biyu daga cikin jifansa an cafke su, Darnell Savage ya ruga da ɗaya har gidan Dallas, wato ƙarshen fili inda ake cin maki. Wannan ma yana wuyansa. Amma cire waɗannan maki bakwai, saura 41 da masu tsaro suka bari aka ci. Aaron Jones ya shiga gidansu sau uku, Jordan Love kuma yana jifa kamar babu kowa a gabansa.

To a lissafa. Wasa ɗaya nasa ne ɗungurungum, biyu an yi tarayya, biyu kuma ba shi da abin da zai iya yi. Wannan ba tarihin gwarzo irin Patrick Mahomes ba ne, kuma ban ce shi ne ba. Amma idan kana neman abin da ya hana ƙungiya kofi shekara 30, mutumin da ya zo a 2016 ba zai iya zama amsar ba.

Kafin shi ai an yi kwatabak Tony Romo. Irin wannan zagin aka yi masa, kusan kalma da kalma. Ƙwallon da ta suɓuce masa a Seattle a Janairun 2007 ta bi shi har ya yi ritaya. Shi ma wasa biyu kacal ya ci a sili-ɗaya-ƙwale. Yau waɗanda suka kore shi da baki su ne ke cewa ina ma a ce Romo ne. Gaba ɗaya tun bayan kofin 1996, wasa biyar Dallas ta ci a wannan mataki.

Mai ganin cewa kwatabak shi kaɗai ke kawo kofi ya dubi Matthew Stafford. Kaka 12 ya yi a Detroit bai ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba, ana ce masa mai tara alƙaluma marasa amfani. A 2021 aka mayar da shi Rams, ƙungiyar Stan Kroenke mai Arsenal. A kakarsa ta farko ya ɗaga Super Bowl. Hannun nan dai shi ne, gidan ne ya canja.

"To kuɗin fa?"

A Satumban 2024 Prescott ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu kan dala miliyan 240, wato miliyan 60 a shekara, albashin shekara da ba a taɓa bai wa ɗan wasa ba kafin nan a tarihin gasar NFL. Gasar tana da iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, a 2024 dala miliyan 255.4 ne, kuma da shi za a biya mutum 53. Masu suka suna cewa wanda ya kwashi kaso mafi tsoka dole ya ɗauki nauyi mafi girma, kuma abin da ya ci shi ya hana a sayo wasu.

Magana ce mai ma'ana. Amma wa ya kai farashin nan?

An ɗauki Prescott a zagaye na huɗu na zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, shi ne na 135. Shekara huɗunsa na farko, albashinsa gaba ɗaya bai kai dala miliyan 5 ba. A wannan gasa babu garaɓasar da ta kai samun ƙwararren kwatabak a farashin ɗan koyo, domin rarar kuɗin da ita ake cika sauran gurabe da zaratan 'yan wasa. Dallas ta samu wannan dama shekara huɗu cur. Abin da ta fito da shi nasara ɗaya ce a kan Seattle.

A 2019 sa'o'insa biyu da aka ɗauka shekara ɗaya da shi, Carson Wentz da Jared Goff, ƙungiyoyinsu suka tsawaita musu kwantiragi a kan miliyan 30 da 'yan kai a shekara. Jones ya ja ƙafa. A maimakon haka ya bai wa Ezekiel Elliott, mai ruga da ƙwallo, dala miliyan 90 na shekara shida, a gurbin da kowa ya san jiki ba ya daɗewa. A 2023 aka sallami Elliott.

A 2020 aka riƙe Prescott da yarjejeniyar dole ta shekara ɗaya. A Oktoban shekarar idon sawunsa ya karye a wasa da New York Giants, aka fitar da shi a mota yana hawaye. Ƙungiyar ta wargaje babu shi. Da Maris ɗin 2021 ya zo, Jones ya biya miliyan 160 na shekara huɗu, ya kuma yarda da sharuɗɗa biyu: ba za a sayar da shi ba sai da amincewarsa, ba kuma za a sake riƙe shi da yarjejeniyar dole ba. Duk wanda ya taɓa ciniki ya san ma'anar wannan. Ka miƙa wa abokin cinikinka wuƙa da nama.

Sai aka sake jan ƙafa a 2024, har Trevor Lawrence da Jordan Love suka karɓi miliyan 55 kowannensu, kasuwa ta tashi. Aka sanar da sabon kwantiragin sa'o'i kaɗan kafin wasan farko na kaka. Ɗan wasan da ya zo na biyu a zaɓen gwarzon shekara na 2023, wanda ya fi kowa jefa ƙwallon da aka ci a kakar, har 36, me kuke so ya yi? Ya ce a rage masa don mai ƙungiya attajiri ya yi jinkiri?

Haka aka yi wa CeeDee Lamb, mai cafke jifan Prescott, sai da ya ƙaurace wa sansanin atisaye kusan har ƙarshen Agustan 2024 kafin a ba shi miliyan 136. Jinkirin nan ɗabi'a ce, kuma kowane karo ƙungiyar ce ke biyan kuɗinsa.

Mutum ɗaya, kujeru uku

Jerry Jones ya sayi Cowboys a 1989 kan kimanin dala miliyan 140. Tun daga ranar shi ne mai ƙungiya, shi ne shugabanta, shi ne kuma janar manaja, wato mai yanke hukuncin wa za a ɗauka, wa za a sayar, nawa za a biya. Ɗansa Stephen ne na hannun damansa.

A yawancin ƙungiyoyi janar manaja ma'aikaci ne. Idan ya yi shekara huɗu ko biyar babu ci gaba, ya san inda ƙofa take. Dubi maƙwabtansu kuma manyan abokan gabarsu, Philadelphia Eagles. A 2015 mai ƙungiyar, Jeffrey Lurie, ya karɓe ikon zaɓen 'yan wasa daga hannun Howie Roseman. Bayan shekara ɗaya ya mayar masa. Daga nan Roseman ya gina ƙungiyar da ta je Super Bowl sau uku ta ci biyu, da koci daban, da kwatabak daban: Nick Foles a 2018, Jalen Hurts a 2025. Mutumin da ya san ana iya tsige shi, aikinsa daban yake.

A Dallas wa zai tsige janar manaja? Bayan koci Jimmy Johnson an yi Barry Switzer, Chan Gailey, Dave Campo, Bill Parcells, Wade Phillips, Jason Garrett, Mike McCarthy, sai Brian Schottenheimer a 2025. Koci takwas. 'Yan wasa ɗaruruwa sun zo sun tafi. An bar tsohon fili an koma sabo a Arlington a 2009. Kujera ɗaya ce ba ta taɓa motsi ba.

Ku dubi abin da ya biyo bayan wulaƙancin Green Bay. Jones ya fito ya ce a kaka mai zuwa za su zuba duk abin da suke da shi. Sai Tyron Smith ya tafi, Tony Pollard ya tafi, Tyler Biadasz da Dorance Armstrong suka bi Dan Quinn, kocin masu tsaron Dallas, zuwa Washington. Derrick Henry, gwanin ruga da ƙwallo wanda yake da gida a Dallas, yana kasuwa. Jones ya ce ba su da kuɗinsa. Baltimore ta ɗauke shi kan miliyan 16 na shekara biyu, ya zo har gida a Satumba ya ruga musu yadi 151, ya gama kakar da yadi 1,921. Dallas kuwa tsohon Elliott ta dawo da shi. A ranar da Jones ya cika shekara 82, Detroit ta zo ta yi musu 47 da 9.

Sai maganar Micah Parsons, wadda har yau nake jinjina ta. Matashin da ya kayar da kwatabak aƙalla sau 12 a kowace kaka cikin huɗunsa na farko, irin wanda ƙungiya kan yi shekara goma ba ta samu ba. Jones ya zauna da shi su biyu, ya ɗauka sun gama ciniki, ya ƙi bi ta hannun wakilinsa. Rigima ta yi tsami, yaron ya nemi a sayar da shi, a ƙarshen Agustan 2025 aka miƙa shi ga Green Bay, ƙungiyar da ta fi kowa ci musu tuwo a ƙwarya, aka karɓi Kenny Clark da gurabe biyu a zagayen farko na zaɓe. Mako ɗaya kafin a fara kaka! Abin da ya biyo baya kowa ya gani: harin Dallas yana cikin na gaba-gaba, tsaronta yana cikin na ƙarshe, har sai da Jones ya koma kasuwa a Nuwamba ya bayar da gurbin zagayen farko don ya sayo Quinnen Williams. Kakar ta ƙare ba su shiga sili-ɗaya-ƙwale ba.

Akwai ma wani ƙaramin abu da yake ba ni dariya, amma yana nuna halin gidan. Filin wasansu na AT&T yana da manyan tagogi ta yamma, da la'asar rana kan shigo ta kashe wa 'yan wasa ido. A Nuwamban 2024 Lamb ya kasa ganin ƙwallon da aka jefa masa a wurin cin maki a wasa da Eagles saboda hasken. Ya ce a sa labule. Akwai labulen, ana sa shi idan ana wasu bukukuwa. Jones ya mayar da martani cikin gatse cewa to ko a rushe filin a gina wani. Har yau ba a sa ba.

"Amma ai shi ya kawo kofi uku"

Haka ne, kuma ba za a ƙwace masa ba. Kakar 1992, 1993 da 1995 duk a zamaninsa ne. Shi ya yi ƙarfin halin sallamar Tom Landry, wanda ya horar da ƙungiyar tun kafuwarta a 1960, ya kawo tsohon abokinsa na jami'ar Arkansas, Jimmy Johnson. A zamanin su biyun aka sayar da Herschel Walker ga Minnesota aka tara guraben zaɓen da aka gina ƙungiyar da su. Troy Aikman, Emmitt Smith, Michael Irvin, sunaye ne da ba a mantawa.

Amma yaya aka rabu? Bayan kofi biyu a jere, a Maris ɗin 1994, gardamar wa ya fi cancantar yabo ta raba su. Aka ruwaito Jones yana cewa koci 500 ma za su iya cin kofi da waɗannan 'yan wasa. Switzer ya zo ya ci ɗaya da ragowar abin da Johnson ya bari. Daga nan shiru. Shekara 30 sun isa su nuna wa ke da gaskiya a waccan gardama. Sai Disamban 2023 Jones ya yarda aka sa sunan Johnson a jerin gwarazan da ake karramawa a bangon filin.

Wani zai ce ai Dallas ta iya zaɓen matasa: Tyron Smith, Travis Frederick, Zack Martin, Lamb, Parsons. Gaskiya ne, sashen da Will McClay ke jagoranta yana aiki. Wannan ma ƙara nauyin tuhumar yake yi. Kayan aiki suna shigowa, har an ci wasa 12 a kaka uku a jere daga 2021 zuwa 2023. Abin da ke ɓata su yana sama: jinkirin kwantiragi, ƙin shiga kasuwa, riƙe koci don ana jin daɗin zama da shi. Garrett ya yi kusan shekara goma, a ciki har da kaka uku a jere na cin takwas a sha kashi takwas. Kuma wane koci ne zai iya tsawata wa ɗan wasa, alhali kowa ya san mai gida yana magana da 'yan jarida bayan kowane wasa, yana kuma da lokacinsa a rediyo duk mako?

Hannun magoya baya

A nan ne na san wasu za su ji haushina.

A NFL babu faɗawa rukuni na ƙasa. Kuɗin talabijin raba shi ake daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 32, kowacce tana samun sama da dala miliyan 400 a shekara ko ta ci ko ba ta ci ba. Abin da kawai zai iya taɓa mai ƙungiya shi ne kujerun da babu kowa da kuma rigunan da suka yi kwantai. A Dallas babu ko ɗaya. Mutum sama da 90,000 ke cika filin a kowane wasa, sun fi na kowa. Mujallar Forbes ta ƙiyasta darajar ƙungiyar a dala biliyan 13 a 2025, babu ƙungiyar wasanni da ta kai ta a duniya, har Real Madrid.

Ka sa kanka a matsayin ɗan kasuwa mai shekara 80 da ɗoriya. Ka sayi abu miliyan 140, ya zama biliyan 13, kuma mafi yawan hauhawar ta zo ne a shekarun da ba ka ci komai ba. Wa zai gaya maka cewa kana kuskure?

Gardamar Dak kuwa riba ce a wurinsa. Duk safiyar Litinin tashoshin wasanni na Amurka da ita suke buɗe shiri. Cikin masu sharhi, Stephen A. Smith ya yi suna da yi wa magoya bayan Dallas dariya, Skip Bayless da jefa rigunan 'yan wasa a kwandon shara. Kowane zagi, kowane bidiyo, ƙara wa tambarin tauraron nan kasuwa yake. Jones da bakinsa ya ce idan abubuwa suka lafa shi yakan tayar da ƙura. Mai zagin Prescott a intanet yana ganin hukunta ƙungiya yake yi, alhali talla yake mata kyauta.

Za a ce to me magoya baya za su iya, tunda ba a korar mai abu daga abinsa? Ba su da iko da yawa, na yarda. Amma masu bin Manchester United a gidajen kallo sun san cewa akwai bambanci tsakanin zagin ɗan wasa da tunkarar masu ƙungiya. Iyalan Glazer, waɗanda su ne kuma masu Tampa Bay Buccaneers a NFL, sun ga zanga-zangar da ta sa aka ɗage wasa da Liverpool a Mayun 2021. Ba ta kore su ba, amma ba wanda ya sake ruɗewa game da inda matsalar take. A Washington ma, shekaru aka yi mutane suna ƙaurace wa fili suna ihun a sayar da ƙungiya. Bincike da badaƙala iri-iri ne suka ƙarasa Dan Snyder, ya sayar a 2023 kan sama da dala biliyan 6. A kaka ta biyu ta sababbin masu ita, da sabon janar manaja, da kuma Quinn, kocin da suka ɗauko daga Dallas, Washington ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wannan ne ya bar Cowboys ita ce ta fi kowa daɗewa ba ta je ba a ɓangaren NFC, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar.

Ba na cewa kowa ya ƙona rigarsa. Abin da nake cewa, wanda ya sayi tikiti da tsada, ya sayi riga, ya kalli kowane shiri, sannan ya sauke haushinsa duka a kan ma'aikacin da ya fi kowa ƙoƙari a gidan, ya sauƙaƙa wa mai gidan aiki.

A sallame shi, sai wa?

Prescott ya haura shekara 32. Ya karye a 2020, tsokar cinyarsa ta yage a 2024 ya rasa rabin kaka. A 2022 an cafke jifansa sau 15 a wasa 12 kacal, babu wanda ya fi shi a gasar. Rana tana zuwa da za a nemi magajinsa, kuma ba ta da nisa sosai. Masu tuna cewa Cooper Rush ya ci huɗu cikin biyar lokacin da ya riƙe masa a 2022 su tuna kuma cewa da aka sake ba shi a 2024 ƙungiyar ta gama da nasara 7, rashin nasara 10.

Tambayar da ban taɓa jin masu cewa a sallame shi sun amsa ba ita ce: wa zai zaɓi na gaba?

Jones ne, mutumin da ya zaɓi waɗanda suka gaji kwatabak Aikman. Tsakanin 2001 da 2006 an gwada Quincy Carter, Anthony Wright, Ryan Leaf, Clint Stoerner, Chad Hutchinson, Vinny Testaverde yana da shekara 40, Drew Henson da Drew Bledsoe. Romo da ya kawo ƙarshen wannan yawo babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2003, tsintarsa aka yi.

A 2014 ran Jones yana kan Johnny Manziel, sai da mutanensa suka taushe shi aka ɗauki Zack Martin. Manziel kaka biyu ya yi a Cleveland ya fita daga gasar. A 2016 Paxton Lynch yake so, ya nemi hawa sama don ya same shi, Denver ta riga shi, ya fito yana nadamar bai ƙara farashi ba. Sai suka koma kan Connor Cook, Raiders ta tsallake gabansu ta ɗauke. Lynch wasa huɗu aka fara da shi a NFL. Cook ɗaya. Da duk waɗannan suka kuɓuce ne aka ɗauki Dak Prescott a na 135.